Ina so rile ya danna na daƙiƙa ɗaya kawai in an kawo wuta

Mai Shagon Taya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfuta a shago da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro. In aka ɗauke wuta cikin dare aka dawo da ita, ba ta tashi sai an danna maɓalli, ni kuwa ina gida. So nake in jona rile, wato makunnin da wuta ke motsawa da kanta, a wayoyin nan biyu na maɓallin kunnawa, ya rufe kamar daƙiƙa ɗaya ya saki. Kada ya wuce haka, don in aka riƙe maɓallin daƙiƙa huɗu kashe ta zai yi. Ina da adafta mai volt 12, kuma na iya aikin dalma. In haɗa da 555 ne, ɗan cif ɗin nan mai ƙidayar lokaci, ko in sayi wanda aka riga aka haɗa?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi UPS ka huta.

Mai Shagon Taya: Ina da shi. Minti kaɗan yake riƙewa, wutar kuwa sai ta kwana ba ta dawo ba.

Injiniya Bazazzagi: 555 zai yi maka. Haɗa ƙafarsa ta 2 da ta 6 wuri ɗaya, ka sa resista 100k daga nan zuwa layin volt 12, kafasita 10µF daga nan zuwa ƙasa, wato nagetif. Ƙafa ta 4 da ta 8 su tafi volt 12, ta 1 ƙasa, rile a ƙafa ta 3. Lissafin 1.1 ne sau resista sau kafasita, wato daƙiƙa 1.1. Ƙaramin rile mai volt 12 kamar milli-amp 30 yake ja, 555 kuwa yana iya ba da har 200. Kada ka manta dayod 1N4007 a kan koyil ɗin rile, wato naɗin wayar da ke cikinsa, bakin mai zobe wajen ƙafa ta 3.

Baba Mai Rediyo: Yaro, duk wannan na mene ne? Kafasita 1000µF a jere da koyil ɗin rile, shi ke nan. Wuta na zuwa zai ce ƙas, kafasita na cika ya saki. Ka ɗora resista 10k a kan kafasitar don ta zubar da cajin in an ɗauke wuta. Tun ana gyaran rediyo mai kaset muke yin haka.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ni dai in ka ji tawa, kada ka bar kowa ya haɗa maka abin hannu. Azumin da ya wuce wani mai gyara ya ce zai yi min na'urar da za ta jinkirta firiza minti uku in an kawo wuta, don kare kwamfiresa. Ya kawo abu a cikin robar sabulu, wayoyi a waje. Da farko lafiya lau. Wata rana na dawo daga kai wa maƙwabta abin buɗe-baki na tarar ɗakin yana warin ƙonannen roba, firiza tana gurnani ba ta sanyi. Da aka buɗe, bakin rilen ya narke ya manne, ashe kwana da kwanaki duk rawar da wuta ke yi kai tsaye take shiga. Kwamfiresa ta tafi. Ƙanƙarar da na ƙulla, da zoɓo, da kunun aya, duk na rabar kafin su lalace, a watan da nake samun kuɗin shekara. Na kira shi ya ce wai wuta ce ta yi yawa. Har yau bai ƙara ɗaga wayata ba.

Ummu Safiyya: Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Kin kai shi wajen mai unguwa kuwa?

Hajiya Mai Ƙanƙara: Amin. Ɗan uwan maigidana ne ya kawo shi, ina zan kai ƙara?

Injiniya Bazazzagi: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Amma naki daban ne. Kwamfiresa na jan wuta ninki-ninki lokacin tashi, ƙaramin rile ba zai jure ba. Maɓallin kwamfuta kuwa ɗan sigina ne kawai.

Ɗan Kurmi: Mafi arha Alhaji ya shimfiɗa wa yaron shago tabarma kusa da kwamfutar. Amma kada ya ɗauko Bazazzagi, sai ya gama lissafin 1.1 kafin ya danna.

Bamaraɗe: Ku dakata. Kafin ka sayi komai, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka nemi wurin da ake zaɓar abin da kwamfuta za ta yi in wuta ta dawo. Ka sa ta kunna kanta. Haka na yi wa ta ofishinmu, ban kashe ko dala ba.

Mai Shagon Taya: Na gwada, Malam. Ya yi aiki, daga baya ya koma yadda yake, har agogonta ya rikice.

Bamaraɗe: To batirin madabod, babban allon cikin kwamfuta, ne ya mutu, ɗan zagayayyen nan CR2032. Canza shi.

Ɗan Kurmi: Ni naira 300 na sayi 555, rile 500. Wanda aka haɗa kuma 2,500.

Ummu Safiyya: Yaushe rabonka da kasuwa? Ƙanena ya sayo haɗaɗɗen 4,500 kwanan nan, kuma sai da ya yi ciniki.

Bamaraɗe: Nan wajenmu jaka ɗaya da rabi na sefa aka ce min.

Baba Mai Rediyo: Ku ciro rile daga tsohon UPS ko matacciyar sitabilaiza, kyauta. Na ciki ma sun fi na kasuwa ƙarko.

Injiniya Bazazzagi: Baba, da girmanka, dabararka na da rauni. Resista 10k da 1000µF sai sun ɗauki wajen rabin minti kafin cajin ya zube sosai. In wuta ta ƙifta ta dawo nan take, kwamfuta ta mutu, rile kuma ba zai danna ba.

Baba Mai Rediyo: Naka fa? Adaftar ma tana riƙe caji bayan an ɗauke wuta, 555 ɗinka ba zai san an ɗauke ba. Wannan a teburin gyara ake koyonsa, ba a allon makaranta ba.

Injiniya Bazazzagi: Shi ya sa ake juya dayod a kan resistar, a kuma rataya wa adaftar ɗan kaya, ko ƙaramin ƙwai, ya shanye cajin da sauri. Ni ma ina riƙe ayan ɗin dalma, Baba. Tun 1972 555 ke kasuwa, ba jiya aka fara gwada shi ba.

Ɗan Tasha: Ni na ɗauki wuta daga shunayyar wayar nan ta volt 5 da ke cikin kwamfutar. Rile ya ƙi motsi, don 555 a volt 5 bai fi uku da ɗoriya yake fitarwa ba. Sai da na ƙara tiransista 2N2222. Amma babbar matsala kayan jabu ne. Na sayi kafasita an rubuta 1000µF, na ɗora a mita ko rabi ba ta kai ba. Na koma, mai shagon ya ce ai ba a dawo da kayan wuta.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Haka suka yi min da kwamfiresar da na sauya. Wai sabuwa, ashe fenti aka yi wa tsohuwa.

Ummu Safiyya: Mu kuma layinmu wuta sai ta zo sau biyar cikin awa ɗaya, ga bil a ƙarshen wata kamar muna da masana'anta.

Mai Shagon Taya: Na gode muku duka. To batirin zan fara canzawa, ko in sayo 555 ɗin tun da gobe zan shiga kasuwa?

Ɗan Kurmi: Hajiya, nawa kika sayi kwamfiresar? Tamu ma ta fara wannan gurnanin.