Kafin ka sa farashi a onlayin, ga abin da na tsinta

Jiya mun daɗe muna hira da 'yan uwa masu saida kaya a onlayin kan kuɗin da ake yanka, toh bari in taƙaita muku.

Abin da aka fi nanatawa shi ne lissafin kamasho, wato kason da masu shafin saida kaya ke cirewa daga kuɗin kayanka, wallahi nan mutane ke faɗawa. Misali atamfa ta tsaya maka 10,000 har da ribarka, kamasho kashi 10, sai ka ɗora 1,000 ka sa 11,000 kana ganin ka gama, alhali daga 11,000 ɗin za su cire nasu, wato 1,100, ka tashi da 9,900. Daidai shi ne ka raba 10,000 da 0.9, tunda kashi 90 ne zai rage maka, zai baka wajen 11,111. A kaya ɗaya kamar ba komai, amma saida guda 50 ka gani.

Wata hajiya ta ce a Jumia kamasho ya danganta da irin kaya, kar ka ɗauki na waya ka yi lissafin turare da shi, ka duba shafin masu saidawa tukunna. Jiji kuwa sa talla kyauta ne, sai in kana so a ɗaga maka ita sama zaka biya.

Masu karɓar kuɗi ta Paystack, wato kamfanin da ke karɓar maka kuɗi a onlayin, kashi 1.5 ne da naira 100 ake cire musu, amma ƙasa da 2,500 ba a cire ɗarin.

Sai leda da kwali da kuɗin mai mashin, da kayan da za a dawo maka da su. Ni wannan na ƙarshen ne ya fi ƙona min rai, don sau biyu ina biyan kuɗin kai da dawowa daga aljihuna.