Hotunan da suka cika waya, amma gogewa ta gagara: ina kuke kai su?

Tela, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wayata ta cika maƙil da hotunan samfurin ɗinki, wasu tun na sallar bara waccan. Ba na son su riƙa tare mini hanya kullum, amma da zarar na goge ɗaya, washegari sai mai kaya ta zo ta ce irin wancan take so. Ku ya kuke yi?

Malamin makaranta, Marwa: Wa'alaikumus salam. Ni dai na ɗanɗana kuɗata. Na ɗauka tunda Google Photos ya kwashe hotunana zuwa intanet, in na goge a cikinsa na waya kaɗai ne zai tafi. Ashe duka biyun ke tafiya, har da hotunan sunan ɗiyata ta fari. A lokacin, abin da aka goge yana zama a Corbeille, wato kwandon shara na Google Photos, kwana 60 in an riga an ɗora shi, kwana 30 in ba a ɗora ba. Ni kuwa sai bayan wata uku na waiwaya. Har yau uwargida na yi mini gori. Yanzu in wuri nake nema, Libérer de l'espace nake dannawa: yana cire na waya, na intanet yana nan.

Ɗaliba, Ngaundare: Baba tela, Archiver kake nema, wato ma'ajiyar Google Photos. Ka zaɓi hotunan ka tura su can, za su ɓace daga gabanka, amma suna nan a album, kuma in ka nema za su fito. Sai dai fa ba ya rage nauyi ko kaɗan, tamkar ka tura kaya ƙarƙashin gado ne. Kyautar Google 15 GB ce, tare da Gmail da Drive ake cinta. Kuma asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba, ana iya rufe shi.

Ɗan kasuwa, Kusuri: Data ba ta bari na yi wannan harkar. Katin memori na saya a bakin titi, an rubuta 64 GB, da arha kamar kyauta. Na zuba hotunan rasit da na kayan da nake tsallakawa da su Njamena, na goge na waya hankalina kwance. Ranar da rigima ta tashi kan wani bashi, na buɗe, rabinsu toka-toka, sauran sun ƙi buɗuwa. Jabu ne. Tun daga nan sai na kwafa wuri biyu, filas da kwamfutar ƙanina, na buɗe na gani da idona, sannan nake gogewa.

Hajiya, Njamena: 'Ya'yana, ni tura wa ɗiyata nake ta WhatsApp. Ita ta ce in riƙa turawa a matsayin document, don ta hanyar da aka saba hoton raguwa yake. Na aure da na Makka kuwa na kai an wanke mini a takarda, suna cikin akwatin zannuwa.

Direba, Gidar: Masu iPhone, hoton da kuka goge kwana 30 kacal yake zama kafin ya tafi gaba ɗaya.

Tela, Garwa: Na gode, Allah ya saka. Na tura samfuran Archiver, ido ya huta, amma waya na nan tana kukan ta cika. Gobe zan nemo filas mai shiga bakin caja. Ɗan'uwa na Kusuri, ta yaya ake gane na jabu tun kafin a biya kuɗi?