Karena ya kai wata 8 ya daina jin magana: bulala zan ɗauka ko nama?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawarar masana. Ina da kare namiji ruwa biyu, uwarsa Alsatian, ubansa na gida, watansa 8, don gadi na ajiye shi. Yana ɗan kwikwiyo yana jin "zauna" da "zo", yanzu kuwa in na kira shi sai ya dube ni ya ci gaba da sabgarsa. Yana ɗane mutane da ƙafafun gaba, har masu shirin masallaci, sai an sauya riga. Yana fizgar igiya, yana tauna takalma, yana korar kaji. Jiya yaro ya matsa kusa da kwanonsa ya yi masa gurnani. Wani ya ce so yake ya zama shugaban gidan, in kayar da shi rigingine in danne wuyansa har ya yi laushi, in haɗa da bulala. Wani ya ce in bi shi da nama. Tsorona kada nama ya sangarta shi ya kasa gadi.

Likitar dabbobi:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka danne shi, don Allah. Balaga ce ta kama karenka. Tana farawa wajen wata 6, a manyan karnuka takan ja har wata 18 ko fiye. A 2020 masana a jami'o'in Newcastle da Nottingham a Ingila sun gwada karnuka, suka ga cewa a wata 8 kare yakan yi biris da "zauna" in mai shi ne ya faɗa, amma ya yi wa baƙo. Zuwa wata 12 abin ya lafa.

Maganar shugabanci kuwa daga kyarketai aka aro ta. A 1947 wani masanin dabbobi, Rudolf Schenkel, ya rubuta abin da ya gani a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, inda aka cusa kyarketan da ba dangin juna ba wuri ɗaya suna ta faɗa. David Mech, masanin kyarketai wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan ra'ayi, shi da kansa ya gyara a 1999 bayan ya lura da kyarketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada: garkensu iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a 2009 ya nuna kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa, na waɗanda aka kayar rigingine kuma kashi 31. A gidan da akwai yara, wannan ba abin gwadawa ba ne.

Kafin komai a duba kunnuwansa da haƙora da kaska, ciwo kan sa kare fushi. A tabbatar an yi masa rigakafin ciwon haukan kare.

Mai horar da karnuka:
Likita ta gama da dalili, bari in kawo aikin. Kare yana maimaita abin da ya biya shi ne kawai. In ya ɗane mutum aka ture shi ana ihu, a wurinsa wasa ya samu.

Ɗan'uwa, nemi dafaffiyar hanta ko tsokar kaza, ba gishiri ba yaji, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza ma a'a, yana tsagewa ya soke hanji. Ladan kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, kuma ka rage shi daga abin da za ka zuba a kwano. A yi horon kafin ya ci abinci, minti 3 zuwa 5, sau uku a rana.

Zaɓi kalma ɗaya gajera, kamar "yauwa". Ka faɗe ta ka ba shi nama, ka maimaita sau 15 ko 20 har ya riƙa ɗago kai da jin ta. Daga nan ita ce alamar ya yi daidai. Inda aka fi kuskure shi ne lokaci: gindinsa na taɓa ƙasa ka ce "yauwa", naman ya biyo cikin daƙiƙa 2. In ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe, miƙewar ka biya.

Ɗane mutane: ya ɗago ƙafa, ka juya baya ka rungume hannu, ba kallo ba magana. Ƙafafunsa huɗu na sauka ƙasa, "yauwa", ka ajiye naman a ƙasa, kada ka miƙa sama ya sake tsalle. Kwanakin farko zai ƙara tsananta tsallen don abin da ya saba samu ya daina zuwa. A nan mutane suke karaya su ce ba ya aiki, alhali alamar ya fara kamawa ke nan. Kuma dole duk gidan su yi abu ɗaya. In yaro ɗaya yana shafa shi lokacin da ya ɗane, aikin mako ya rushe. Lokacin fita sallah ko shigowar baƙi a sa shi a igiya tun kafin a buɗe ƙofa.

Kira: ɗaura masa igiya mai tsawon mita 5 zuwa 10 a tsakar gida lokacin da ba hayaniya. Ka ce "zo" sau ɗaya kawai, ka ja da baya da fara'a. Ya iso, ba shi yanka uku a jere, ka sake shi ya koma wasansa. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi, kada kuma kowane kira ya ƙare da kullewa a keji.

Fizgar igiya mai sauƙi ce, haƙuri take ci. Igiya ta miƙe, ka tsaya cak. Ta yi sako-sako, ku ci gaba.

Wani dattijo a zauren:
Ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Kare sai da tsawa. In ya saba da nama, ranar da hannunka ba komai zai yi maka kunnen ƙashi. Kuma karen da aka lallaɓa, wane ɓarawo ne zai ji tsoronsa?

Mai horar da karnuka:
Baba, maganarka ta farko akwai gaskiya a ciki, kuma laifin mai horarwa ne. In aka nuna wa kare nama kafin ya yi aiki, ya zama cin hanci. Naman yana aljihu, sai ya yi sannan ya fito. Idan ya yi daidai sau 8 cikin 10, a fara biya wani lokaci a tsallake wani, a maye gurbin da abin da yake so: sai ya zauna a buɗe masa ƙofa, sai ya zauna a ajiye kwano. Iyaka tana nan daram, bulala ce kawai babu.

Gadi kuwa yana cikin jininsa, kuma yakan fito sosai bayan ya shekara. Duka ba ya ƙara masa jarumta, tsoron hannun mutum yake sa masa. Kare matsoraci ba ya bambanta ɓarawo da mai tallan nono ko almajirin da ya yi sallama a zaure. Wanda za ka ce masa "bari" ya bari, shi ne abin ajiyewa a gida.

Likitar dabbobi:
Malam, gurnanin nan ya fi komai damuna. Kada a hukunta shi a kansa. Gurnani gargaɗi ne, in ka doke shi zai daina gargaɗin amma fargabar tana nan, wata rana sai cizo kai tsaye. Daga yau ya riƙa cin abinci a wurin da aka rufe, yara ba sa zuwa. Babban mutum ne kaɗai zai yi gyaran: ka tsaya kamar mita 2 daga kwanon, ka jefa masa hanta, ka wuce abinka. In jikinsa ya saki yana kaɗa wutsiya a hankali, bayan 'yan kwanaki ka matso taku ɗaya. In ya sandare, ya daina tauna, ko ka ga farin idonsa, kusancin ya yi yawa ke nan, koma baya. Kada a cusa hannu a kwanonsa ko a ɗauke kwanon don gwaji. In ya kai ga kai cizo, a kawo shi asibitin dabbobi a gan shi ido da ido.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura kajin da takalman. Kuma yini yake a ɗaure, ko wannan yana da nasa?

Mai horar da karnuka:
Rabin matsalar ke nan ɗan'uwa. Kare mai wannan ƙarfi da ya yini a sarƙa, ana kwance shi sai ya sauke gajiyar zaman a kan kaji. A fita da shi minti 30 bayan asuba, minti 30 kuma in rana ta yi sanyi, a bar shi ya shinshina abin da yake so. Taɓa kwalta da bayan hannunka, in ba ka iya jurewa daƙiƙa 5 ba, to za ta ƙona masa tafin ƙafa. Inuwa da ruwa kada su yanke.

Takalma a ɗauke su daga ƙofar ɗaki, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla ko robar tauna ta karnuka. In ka kama shi da takalmi kada ka bi shi da gudu, musanya da nama.

Kaji kuwa a raba su da shi da waya tukuna, don kowace kora da ya yi tana ƙara masa sha'awa. Sai ka tsaya da shi a igiya nesa da su, inda zai gan su bai zabura ba. Ya kalli kaza ya juyo ya dube ka, "yauwa" da nama. Ana rage tazarar kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ko ya ƙware, kada a bar shi da su ba mai kallo har sai ya wuce shekara ɗaya da rabi.