Gindin tabar lantarki da batirin tsohuwar kwamfuta: buton yana ɗaukar zafi, mi ke kawo haka?

Yaron_shago_Tawa:

Salamu alaikum masu sana'a, ina kwananku, ya aiki ya zafi. Ni ɗan koyo ne a shagon gyaran salula nan Tawa kuma tambaya gare ni ga manyanmu da sunka daɗe da riƙon ƙarfen liƙi. Wana ya bar sigari tun azumin da ya wuce, abin da ya taimake shi tabar lantarki ce da wani abokinshi ya kawo mishi daga tafiya, to yanzu gindin ya mutu wato wajen batirin, kan dai lafiya lau yake. Ban samu irinta a garin nan ba sai 'yan puf ɗin nan na yarwa, kuma na ga ya fara zagayen teburin mai sigari, wallahi ba ni son ya koma don mu munka san tarin da yake yi da dare a da.

Shi ne na ce bari in haɗa mishi gindin da kaina. Na ɓare batirin wata tsohuwar kwamfuta na ciro ƙwayar batiri ɗaya irin ta 18650 da ke nuna volt 4.1, na cire soket ɗin 510, wato inda ake ɗaura kan, daga mataccen gindin, na samo ƙaramin buton daga allon DVD na sa su cikin akwatin roba. Yana tashi, hayaƙi na fitowa, amma kafin a ja sau biyu buton ya yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kai, batirin ma ya yi ɗumi. A jikin koyil, wato wayar da ke yin zafi ta maida ruwan hayaƙi, an rubuta 0.2. Sannan dalma ta ƙi kama gindin batirin sai gangarewa take, in ƙara wa ƙarfen wuta ne? Kuma in koyil ɗin ya ƙone ina iya naɗa wani da wayar rishon kuran in liƙe shi da dalma? Allah ya saka da alheri.

Mai_gyara_Katako:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka gama karanta wannan, je ka cire batirin nan daga akwatin ka ajiye shi a ƙasa kan siminti nesa da katifa, sannan ka dawo mu yi lissafi.

0.2 ɗin da ka gani om ne. Cikakken batiri volt 4.2 yake, ka raba 4.2 da 0.2 za ka samu amper 21, kusan wat 88 ke nan. Batiran da ake sakawa a kwamfuta an yi su ne su ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon awoyi, galibinsu iyakarsu wajen amper 5, kuma wannan lokacin suna sabbi ne fa, ba bayan sun yi shekaru suna shan caji ba. Ka ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi. Volt 4.1 da miltimetir ya nuna maka ba ya gaya maka komai a kan ƙarfinsa, batiri mai gajiya ma yana nuna haka in babu abin da ke jansa. Masu ɗaukar irin wannan nauyi daban ne, kamar Samsung 25R mai amper 20 ko VTC5A mai 25, kuma ka ga ko 25R ɗin ma 21 ya wuce masa.

Buton kuwa irin na allon DVD wajen miliamper 50 aka yi shi ya ɗauka. Abin da nake jin tsoro ba zafin yatsa ba ne, wata rana ƙarafan cikinsa za su narke su manne, ka saki buton amma wuta ta ci gaba da tafiya kuma abin yana cikin aljihun wan naka. Masu haɗa irin wannan akwati ba sa barin wutar ta bi ta buton, MOSFET suke sawa, wato transisto mai buɗe wa babbar wuta hanya, IRLB3034 shi ne aka fi sani, buton ɗin aikinsa kawai ya buɗe ƙafar MOSFET ɗin da ake kira gate, sai rezistans na wajen 15k tsakanin gate da ƙafar source don ya rufe da zarar ka ɗaga yatsa. Sai fizibil kusa da batiri, sai waya mai kauri kamar ta 1.5 mm² ba siririyar wayar caja ba.

Maganar liƙa waya a jikin batiri kuma kar ka ƙara wuta, kar ma ka sake gwadawa. Ƙarfenka yana sama da digiri 300, a cikin batirin akwai wata siririyar leda da ta raba pozitif da negatif wadda ke fara narkewa wajen 130. Za ka iya lalata ta ba ka sani ba, a waje ka ga komai daidai. In ka duba wanda ka ɓare za ka ga ba dalma a jikinsa sai 'yan ɗigo ɗigo inda na'ura ta ɗana nikel a cikin ƙiftawar ido. Kai mazaunin batiri za ka nema mai ƙarfe mai kauri, ka yi liƙinka a ƙafafunsa batiri yana waje, ka bari ya huce sannan ka saka.

Dan_Ader_solar:

Abin da maigida ya faɗa duk haka yake amma ni ra'ayina ɗan uwa ka bar haɗin nan gaba ɗaya. Gindin kamfani yana da allo da ke yanke wuta in wayoyi sun haɗu ko batiri ya yi ƙasa ko an daɗe ana danne da buton, naka ba shi da ko ɗaya, kuma ba kai za ka riƙe shi ba, mutum ne da bai san om ba bai san amper ba zai riƙa kai shi bakinshi. A 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida ta Amurka, irin wannan marar allon ne ya fashe ɓaraguzai sunka shige mishi kai, a 2019 an sake samun haka a Teksas.

Kuma ina za ka samu batirin kirki? Ni aikin fitilun solar nike yi, 18650 na wucewa ta hannuna kullum. Duk wanda ka ga an rubuta 6800 ko 9900 mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya yana tsayawa wajen 3500. Ɗora shi kan ƙaramin sikeli, na ƙwarai wajen giram 45 ne, na jabu ko a hannu kana jin ba nauyi. Har masu sunan manyan kamfanoni ana sake musu riga. Ga zafin garinmu, ka san yadda Afrilu da Mayu suke, sama da 40 a inuwa, alhali batirin nan ba a son a yi mishi caji in ya wuce digiri 45, to ka kwatanta shagon kwano da azahar ko ƙarƙashin sirdin moto.

Wani abu da yara da yawa ba su sani ba, dukan gwangwanin batirin negatif ne har zuwa wuyanshi, ledar jikinshi ce kawai ta raba shi da pozitif. Wajen ɓarewa daga kwamfuta ledar nan tana yagewa kusa da kai, ɗan yagun da bai kai ƙwayar gero ba ya isa in makulli ko 'yar dala ta taɓa wurin. In dai ka dage sai ka yi, huda akwatin ta ƙasa don in batiri ya saki iska ta samu hanyar fita ba ta wajen fuska ba.

Malama_Lazare:

Ƙanena Allah ya yi maka albarka da ka damu da wan naka haka. Ni ba mai gyara ba ce, aikin jinya nake yi a Yamai, tambayarka ta ƙarshe ce ta sa na tsaya. Don Allah kar dalma ta kusanci duk inda iska ke bi ta shiga ƙirjinsa, gubar darma tana taruwa a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda kuma ba lallai mutum ya ji komai da farko ba. Kai ma da kake liƙi kullum ka riƙa wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki kofin shayi a fada, ka kuma kau da fuska daga hayaƙin.

Sai ruwan da yake zubawa. In nasa ya ƙare kar wani ya ce a haɗa masa da turare ko wani mai, huhu ba ya iya fitar da mai. A Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020 sama da mutum 2,800 aka kwantar, 68 suka rasu, aka gano wani man bitamin E ne da ake gaurayawa a ruwan bayan fage. Kwalbar kuma a ɗaga ta sama inda yara ba sa kaiwa, tana ƙamshin mangwaro ko na'ana'a, yaro alawa zai ɗauka kuma nikotin kaɗan ya isa ya kai shi asibiti. Ni burina ya riƙa rage ƙarfin nikotin ɗin har ya ajiye wannan ma, don OMS, hukumar lafiya ta duniya, ba ta taɓa cewa abin lafiya ba ne.

Yaron_shago_Tawa:

Na gode maigida, na gode yaya, na cire batirin kuma da na duba akwai yagu a wuyanshi kamar yadda Dan Ader ya ce. To mi za ku ce kan ƙananan batiran cikin puf? Ina da su da yawa da yara ke yarwa, ga ni da 'yan allunan caji TP4056.

Mai_gyara_Katako:

Waɗannan litiyom ne masu karɓar caji, shi ya sa zubar da su asara ce, yana cikin dalilan da Faransa ta hana puf a Fabrairun 2025, Ingila ta biyo a watan Yuni. Amma ƙanana ne, da yawansu wajen 500 mAh, ba za su taɓa jan koyil 0.2 ba. Ajiye su don 'yar tocila. Ko a nan ma TP4056 yana zuwa ne a amper 1 wanda ya yi musu yawa, cire rezistans 1.2k ɗin ka sa 4.7k sai ya sauko wajen miliamper 250. Wanda ya kumbura ko ya sauka ƙasa da volt 2.5 kar ka yi masa caji.

Wayar risho kuma ka manta da ita, ba ka san wane ƙarfe ba ne. Koyil da kantal ko nikrom ko bakin ƙarfe marar tsatsa ake yinsa, dalma ba ta kama kantal, ko ta kama ma tana narkewa wajen digiri 185 koyil kuwa yana wuce 200, shi ya sa sukuru ke riƙe shi.

Inda na bambanta da Dan Ader kaɗan, in kan yana karɓar koyil mai om 1 ko sama, amper 4.2 kawai zai ja, da sabon batiri na ƙwarai da MOSFET da fizibil ni ban ga abin tsoro sosai ba, kuma mai barin sigari galibi ya fi jin daɗin wannan jan. Amma kafin nan mataccen gindin mi ya same shi? Sau da yawa bakin caji ne ya ɓalle ko waya ɗaya ta saki daga soket, aikin da kake yi wa salula kullum. Buɗe shi ka turo hoton allon gaba da baya da sunan da ke jikin kan. In za ka auna koyil ka fara haɗa bakin wayoyin miltimetir ɗinka ka ga nawa suke nunawa ka cire, don ƙananan nan su kaɗai suna iya ba ka 0.3. In allon ne ya ƙone ka ba wani mai zuwa Yamai ya kawo mini in duba ko za a samu irinsa.