Fastonmu zai tafi a tsakiyar Azumi: wa zai riƙe baikon masu fama da yunwa?

Sakatariyar Majalisa ta rubuta:

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku. Ni ce sakatariyar majalisar wata ikilisiyar Luteran, kuma ina neman shawararku. Shekara tara ke nan muna yin baiko na musamman domin masu fama da yunwa a kwana arba'in na Azumi. Ranar Larabar Toka, wato ranar farko ta Azumi, kowane gida yakan ɗauki ƙaramin asusu, a riƙa jefa abin da aka rage daga cefane, a dawo da shi gaban bagadi ranar Ista. Fastonmu ne ya fara wannan aiki, shi yake tsayawa a bakin ƙofa yana miƙa asusun da hannunsa, shi ne kuma ya san gidajen da ake kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Yanzu ya karɓi kira zuwa wata ikilisiya, kuma wa'azinsa na ƙarshe zai kasance a Lahadi ta huɗu ta Azumi, wato saura mako uku Ista. Majalisa ta rabu biyu. Wasu sun ce a tara kuɗin a ajiye har sabon fasto ya zo, wasu kuma suna so a ɗebi wani kaso domin gyaran gidan fasto, tunda hidima na tafe. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Mene ne daidai?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

'Yar'uwa, maganar gyaran gida a ajiye ta gefe tun yanzu. Kuɗin da aka roƙa da sunan mayunwata nasu ne, kuma ranar da jama'a suka gano an sayi fenti da shi, badi za ki raba asusu ki rasa mai ɗauka. Idan gidan fasto yana bukatar gyara, a fito fili a nemi wani baikon dabam.

Jiran sabon fasto ma ban yarda da shi ba, domin neman fasto yakan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara. A cocin ELCA, wata babbar ikilisiyar Luteran ta Amurka, alal misali, sai an naɗa kwamitin kira, an tattauna da ofishin bishop, sannan taron ikilisiya ya amince da kashi biyu bisa uku na ƙuri'un waɗanda suka halarta, kuma kafin a kai nan fasto na riƙon ƙwarya ne yake kula da sujada. Ciki ba ya jiran duk wannan. Ku naɗa mutum uku kafin faston ya tashi, kada a fasa asusu sai mutum biyu suna wurin, a rubuta adadin a sa hannu nan take, a kuma karanta rahoto a gaban jama'a a Lahadin da ke bin Ista.

Fasto Mai Ritaya ya amsa:

'Yata, tambayarki ta girmi dukanmu. A shekarar 1523 mutanen wani ƙaramin gari a Jamus mai suna Leisnig suka nemi shawarar Martin Luther a kan abu biyu, wato yadda za su kira wa kansu mai wa'azi da yadda za su kula da dukiyar ikilisiya. Tsarin da suka rubuta, wanda Luther ya yi wa gabatarwa, ya kafa akwati guda na kowa da kowa, wanda daga cikinsa ake taimakon matalauta da marayu da tsofaffi, ake kuma biyan fasto da malamin makaranta. Mutum goma aka zaɓa su kula da shi: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisar gari, uku daga mazauna gari, uku daga manoman ƙauye. Akwatin yana da kwaɗo huɗu, kowane rukuni da mabuɗinsa, saboda haka ba mai iya buɗe shi shi kaɗai. Ki lura cewa ba a hannun mai wa'azi aka bar mabuɗan ba.

Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6, lokacin da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na yau da kullum: suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai, su kuma suka riƙe addu'a da hidimar Kalma. Bulus ma, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya ambaci ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiya tare da su, don kada wani ya sami abin zargi.

Zan faɗi laifinmu mu fastoci, domin ni ma na yi shi. Muna jin daɗin a ce aikin namu ne, har mu manta da koya wa wani. Fastonku ya yi abin kirki, amma aikinsa bai cika ba sai ya miƙa shi. Ku roƙe shi ya kira mutanen nan uku gaban bagadi a sujadarsa ta ƙarshe, ya yi musu addu'a, ya faɗa wa jama'a da bakinsa cewa su ne masu riƙon amanar daga yau. Bayan ya tafi kuma, kada ku riƙa buga masa waya kuna neman hukunci, domin hakan zai ɗaure hannun wanda zai gaje shi.

Shugabar Zumuntar Mata ta amsa:

Baba, na yarda da kai, sai dai akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Wasu gidajen sun buɗe cikinsu ga faston ne saboda sun san maganar ba za ta fita daga ofishinsa ba. Idan aka miƙa sunayensu ga kwamiti ba da saninsu ba, za su gwammace su kwana da yunwa da a riƙa kallonsu ranar Lahadi. Matiyu sura 6, wadda ake karantawa ranar Larabar Toka, ta koya mana yin sadaka a ɓoye, kuma a ganina wannan sutura ce ga mai karɓa ma. Faston ya zaga gidajen da kansa, ya tambaye su wanda suka amince ya san halinsu. Rahoton da za a karanta ya faɗi adadin kuɗi da yawan gidaje, ban da suna.

Sakatariyar Majalisa ta sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Mama, da kai ɗan'uwa. Na karanta wa majalisa amsoshinku jiya da yamma. An janye maganar gyaran gida, an kuma zaɓi mutum uku, cikinsu har da wata gwauruwa da ta taɓa karɓar wannan taimako. Faston ya fara zaga gidajen yau da safe. Abin da ya rage mana shi ne kason da muke aikawa asusun yaƙi da yunwa na babbar ikilisiya, domin wasiƙar da sunan faston take fita duk shekara, kuma zan je ofishin bishop ranar Litinin in ji wanda zai sa hannu a bana.