Neman shawara: sandar besbol mai sunan Mickey Mantle, ta gaske ce?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. An yi min tallar sandar besbol ta Louisville Slugger a nan Amurka, da sunan Mickey Mantle, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Yankees, a jiki, da lambar samfuri M110 a wajen kaurinta. Mai ita ya ce Mantle ya buga da ita a wasan tsofaffin 'yan wasa na Yankees. Ba takarda ko ɗaya. Me zan duba kafin in saki kuɗi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara da shekara. Kamfanin Hillerich & Bradsby, mai ƙera Louisville Slugger, yana buga lambar samfuri a gindin mariƙi har 1975, daga 1976 ya mayar da ita wajen kauri. Mantle kuwa ya buga kakarsa ta ƙarshe a 1968, ka ga sandar ta bayan ritaya ce. Sai ka dubi tambarin tsakiya mai siffar ƙwai. In sunan Hillerich & Bradsby ne ya cika shi, ta kafin 1980 ce. In Louisville Slugger ne da manyan baƙaƙe, daga 1980 zuwa sama. Ka tabbata akwai 125 a ciki, lambar da ke nuna itace mafi inganci. In ka juya gindin ka tarar da tsawo kaɗai, kamar 34, to ta kanti ce, ka haƙura.

Amsa ta 2: Shekarar ba ta da wahala, sai dai ba ta nuna hannunsa ya taɓa ta ba. Bayan ritaya an ci gaba da ƙera sanduna da sunansa, wasu don horar da matasa a sansanin bazara, wasu da yawa don ya sa hannu a sayar, kuma kamarsu ɗaya. Kamfanin yana da rajistar oda: rana, samfuri, tsawo, nauyi. Ka auna tsawon da inci, nauyin da oza (oza ɗaya kusan giram 28 ce), a gwada da rajistar. Nauyi kan ɗan ragu don itace yana bushewa, amma tsawo ba ya canzawa.

Alamar bugu ma ka yi hattara. A irin wannan wasan tsoho bai fi ya tsaya bugu sau ɗaya ko biyu ba. Tabo biyu ko uku da sawun ɗinkin ƙwallo ya nutse a itace sun fi kama hankali. Sandar da ta yi baƙi ƙirin da danƙo, ga tabo ko'ina, abar tuhuma ce.

Amsa ta 3: Ka nemi hoton ranar wasan, don zanen jijiyar itace ba ya zama ɗaya a sanda biyu. Sannan ku rubuta sharaɗi: za a kai ta PSA ko MEARS, kamfanonin da ke tantance irin waɗannan kaya, in takardarsu ba ta ambaci amfani a wasa ba, ya dawo maka da kuɗinka. Kada ka goge ta ko ka shafa mata mai kafin su gani.