Wanda bai taka filin Glastonbury ba, yana da bakin cewa mawaƙi ya yi ko bai yi ba?

Nura (Bristol): Assalamu alaikum jama'a. Anti Bilki, na karanta sharhin da kika turo mana jiya kan 'yan Najeriya da suka hau babban dandalin Pyramid a bikin waƙoƙi na Glastonbury da ke Ingila a 2024, inda kika ce wasan Femi Kuti ya fi na kowa, na Burna Boy kuma hayaniya ta fi waƙa yawa a cikinsa. Ki gafarce ni, amma ni a ganina wanda ya kalla a waya daga Kaduna ba shi da hurumin auna wasan da aka yi a wannan fili. Ni ina wurin a shekarar, cikin masu aikin sa kai da ke tsaron ƙofa. Ganau ne ni, ba jiyau ba. Abin da ya shiga kunnena da abin da kika kwatanta ko kama ba su yi ba.

Anti Bilki (Kaduna): Wa'alaikumus salam ƙanena. To ka faɗa mini gaskiya, a ina ka tsaya lokacin da Burna Boy yake wasa?

Nura: Can baya, wajen tudun da filin ya fara hawa. Na tashi aiki a makare, gaba ta riga ta cushe.

Anti Bilki: Madalla. Daga can kana ganin fuskarsa da idonka, ko a manyan allunan da ke gefen dandali ka gan shi? Mutum kusan 200,000 ke shiga gonar nan ta Worthy Farm, kuma duk wanda bai samu gaba ba allo yake kallo. Kai allo, ni allo. Bambancin kawai, nawa yana tafin hannuna, babu tutar kowa da ta tare ni, babu wanda ya ɗora budurwarsa a wuya a gabana. Abin da na samu na wasan Femi sau uku na kalle shi. Na ga yatsunsa a kan saksafon, na ga lokacin da yake juyawa ya yi wa masu busa ƙaho alama da kai su shigo. Wannan ka gani daga kan tudu?

Nura: Ban gani ba. Amma na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata. Bugun ganga a wurin nan a ƙirji yake sauka kafin ya kai kunne. Abin da kika kira hayaniya dubban mutane ne, Turawa da baƙaƙe, suna rera waƙar ɗan Fatakwal baiti bayan baiti, shi kuma ya sauke makirufo ya bar musu. Da gangan ya bari. A waya sai ki ji kamar ya daina waƙa ne.

Kabiru mai sauti (Kano): Ku ba ni dama in sa baki, don wannan sana'ata ce, shekara goma sha ina haɗa kayan sauti a biki da gala. Ku biyun nan ba abu ɗaya kuka saurara ba, ko da yake makirufo ɗaya mawaƙin ya riƙe. A irin wannan babban taro sauti hanya uku yake bi. Akwai mai mikisa da ke zaune a rumfa a tsakiyar jama'a, shi ke haɗa abin da zai fita ta lasifikokin fili. Akwai wani a gefen dandali da ke haɗa abin da mawaƙi da makaɗansa za su ji a 'yar na'urar da suke sawa a kunne. Sannan akwai na BBC, da ake haɗawa daban domin talabijin. Wannan na ukun shi Anti ta ji. Mai haɗa shi ne ke zaɓar yawan ihun jama'a da zai bari ya shiga, don akwai makirufo na musamman da ake fuskantar da su wajen taro. In ya ɗaga su, sai ki ce hayaniya. In ya danne su, sai wasan ya yi lami kamar babu kowa a filin.

Kai kuma Nura, kada ka ɗauka naka ne na asali. Sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa guda. In kana nesa da dandali da mita 100, za ka ga hannu ya sauka a kan ganga a allo, sai bayan kusan sulusin daƙiƙa ka ji bugun. Shi ya sa suke kakkafa hasumiyoyin lasifika a tsakiyar fili, a jinkirta sautinsu ya dace da na gaba. Ga kuma iska. Fili ne buɗaɗɗe, in iska ta kaɗa siraran sautuka take fara kwashewa, murya da jita su tafi, a bar ka da dum-dum ɗin ganga. Wanda ke dama da wanda ke hagu ma ba za su ba ka labari ɗaya ba.

Nura: Wannan gaskiya ne Yaya Kabiru. Ranar Juma'a na tsaya kallon wata ƙungiya a wani dandalin, murya tana zuwa tana tafiya kamar rediyon da ke neman tasha. Na matsa taku ashirin zuwa kusa da rumfar mai mikisa, sai komai ya daidaita.

Anti Bilki: To da a ce kai ɗan jarida ne, ka tsaya a wurin farko ka rubuta cewa muryar mawaƙin ba ta fita, ka ba shi tauraro biyu cikin biyar kamar yadda jaridun Ingila ke yi, ka yi masa adalci? Kuma su waɗannan 'yan jaridar gudu suke daga wannan dandali zuwa wancan, a gama wasa cikin dare su tura sharhi kafin gari ya waye. Ni da na zauna na maimaita sau uku, a ce ni ce ba ni da baki?

Baba Tanimu (Funtuwa): Yara, ku bar ni in faɗi abin da na sani. Ni ban san Glastonbury ba sai a bakinku, amma na tsaya a gaban marigayi Mamman Shata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ina da kaset ɗinsa har yau. Waƙar da ke cikin kaset da wadda zai yi a dandali suna ɗaya ne kawai. A dandali idonsa yana kan mutane. Wani ya shigo da babbar riga, nan take ya sa shi a waƙa. Ya ga an yi sanyi, ya ɗaga wa masu kalangu hannu su ƙara wuta, 'yan amshi su bi. Wanda ya ji kaset zai iya cewa baitin nan ya yi daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma dalilin da ya sa aka yi baitin, mutumin da aka kalla aka yi shi, wannan sai wanda ya tsaya a wurin. Don haka Bilkisu, ina tare da Nura a rabin maganarsa. Aikin mawaƙin dandali shi ne juya taro, kuma ba a jin taro daga nesa.

Anti Bilki: Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi wannan. Sai dai kaset kunne kawai yake ba mutum. Yanzu kyamara tana bin fuskar mawaƙi, ta juya kan jama'a, ta tashi sama ta nuna filin gaba ɗaya.

Baba Tanimu: Tana nuna miki inda mai ita ya ga dama, 'yata.

Isuhu (Damagaram): Salamu alaikum. Ni maganar Nura ta taɓa ni ta wani wuri daban. A wannan shekarar ta 2024 ɗan ƙasarmu Mdou Moctar ya yi wasa a dandalin Park, Buzu ne mai kaɗa jita da hannun hagu. Mu da muka san kiɗan nan tun ana tura shi daga waya zuwa waya a katin memori, mu da muka san yadda ake yin sa a bikin aure a Agadas, a ce ba mu da bakin cewa ya yi ko bai yi ba, sai Baturen da ya fara jin sa ran nan don shi yana da tikiti? Tikitin shekarar fam 355 ne, da fam 5 na ladan sayarwa. Ka ɗora biza, ka ɗora kuɗin jirgi daga Yamai. Kuma ko kana da kuɗin, cikin ƙasa da awa guda tikitin ke ƙarewa. In dokarka ta tabbata Nura, to talaka ba zai taɓa yin sharhi kan mawaƙin garinsu ba da zarar ya haye teku.

Nura: Wallahi Malam Isuhu ban yi tunanin ta wannan fuskar ba. Ni ma ba don aikin sa kai ba da ban shiga ba.

Isuhu: Kuma sanin kiɗa ma tsayawa ne a wuri. Anti ta san Fela, mahaifin Femi, ya hau dandalin Glastonbury a 1984, ɗansa ya zo bayan shekara 40 cif. Ta san yadda kiɗan gidan nan yake ginuwa a hankali, ganga ta fara, jita ta shigo, ƙahoni su biyo baya. Da wannan sanin ta auna Femi. Da yawa cikin waɗanda suka tsaya gabansa da tsakar ranar Asabar ɗin ba su da shi.

Kabiru mai sauti: Amma akwai abu guda da nake roƙon masu kallon waya su daina yanke hukunci a kai, wato zargin mamin, a ce mawaƙi baki kawai yake motsawa kan waƙar da aka riga aka naɗa. Daren Juma'ar wannan bikin Dua Lipa ta rufe dandalin Pyramid, wasu masu kallon talabijin suka ce baki kawai take motsawa, ita kuma ta fito ta musanta. Hoto da sauti hanya daban-daban suke bi kafin su iso gidanka. In ɗaya ya riga ɗaya da ƙiftawar ido, sai ka rantse mamin ne. Mu nan mun saba da mawaƙi ya zo gala da filashi, DJ ya saka, shi kuma ya riƙe makirufo yana bi, shi ya sa idonmu ke saurin zargi. Can ma manyan mawaƙa da yawa suna da sautukan da aka naɗa tun farko suna tafiya a ƙasa, kamar amshi da wasu kayan kiɗa, amma wannan daban, mamin daban. Daga waya ba za ka iya rabe su da tabbaci ba.

Anti Bilki: Nan kam na sallama, kuma ban taɓa zargin kowa da shi ba. To Nura, bari in tambaye ka. Lewis Capaldi a 2023, lokacin da muryarsa ta ƙi fita a kan Pyramid, ga lalurar Tourette da yake fama da ita, mai sa jiki motsi ba da son mutum ba, jama'a suka karɓi waƙar suka ƙarasa masa yana tsaye yana kallonsu. Kai ne ka turo mana bidiyon nan ka ce ba ka taɓa ganin abu mai taɓa zuciya kamarsa ba. Kana wurin?

Nura: Ba na wurin. A ɗakina na kalla.

Anti Bilki: Ni ma a ɗakina, kuma sai da na share hawaye. Ka ga ke nan taron da Baba yake magana yana iya ratsowa ta kyamara.

Nura: Yana ratsowa in abin ya yi girma irin wannan. Amma ki ɗauki Lana Del Rey a shekarar. Ta makara da kusan rabin awa, ƙarfe 12 na dare ya buga, aka kashe mata sauti saboda dokar lokaci, ba ta gama ba. Mai kallon bidiyo zai ga waƙoƙin da ta samu yi ne kawai. Wanda ya bar wani wasan ya yi tafiya mai nisa a ƙafa, ya tsaya yana jira, shi ya san abin da aka yi masa. Daren can ko a ƙarshen Yuni akwai sanyi, ga ƙafa ta gaji tun safe. Wannan jiran yana cikin wasan, Anti. Haka SZA da ta rufe daren Lahadi a 2024, bayan Burna Boy. Da idona na ga mutane suna ficewa daga filin kafin ta hau.

Anti Bilki: Yawan mutane ba shi ne ma'aunin waƙa ba. A lokaci guda ƙungiyar The National suna wasa a wani dandalin, ƙungiyar Justice a wani, ga wasu sun fara naɗe tanti don Litinin akwai aiki. In mai sharhi ya ƙirga kawuna ya ce wasa bai yi ba, ya auna wanda ya tsara jadawali ne.

Baba Tanimu: To shi Burna Boy ɗin, da rana ya yi ko da dare?

Nura: Da sauran haske Baba. Can a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9. Fitilun dandali ba su yi masa wani aiki ba, da jikinsa da muryarsa da makaɗansa ya riƙe filin.

Baba Tanimu: To wannan ka rubuta mana. Ka faɗi inda ka tsaya, da abin da ka ga mutanen kusa da kai suna yi. Bilkisu ta faɗi nata.

Anti Bilki: Zan ƙara layi a saman sharhin in ce bidiyon BBC na kalla, sautin talabijin na ji. Kalmar hayaniya ma zan cire ta, tunda Kabiru ya nuna mini wataƙila hannun mai mikisa ne. Amma Femi yana nan a samana. Ƙahonin nan nasa ko a lasifikar waya sai da suka tayar mini da tsigar jiki.

Nura: Ni kuma har gobe Burna Boy. Ina da minti huɗu da na ɗauka daga kan tudun, bari in turo ku ji yadda filin ya amsa masa.

Kabiru mai sauti: Turo, amma makirufon waya ba ya ɗaukar bugun ƙasa, in ƙara ta yi yawa ma fashewa yake yi. Ku sa abin kunne kafin ku buɗe, sannan ku buɗe na BBC daidai wannan waƙar mu jera su.